Kiɗa Mai Taushi da Mas'alar Rashin Barci a Yamai

 

Jama'a masu saurare, duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu da na Mayu a wannan gari namu na Yamai, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 da rana, bangon siminti da kwanon rufi su wuni suna shan rana sa'an nan su kwana suna amayar da ita a kan masu ɗaki, ya san cewa barci, wanda Allah Maɗaukakin Sarki ya ambata cikin Alƙur'ani a kan hutu ne ga bayinsa kuma aya ce daga ayoyinsa, ba kowa ke samunsa da araha ba. In ka ratsa Bukoki ko Talaje ko Gamkale da misalin ƙarfe ɗaya na dare, sai ka iske an fito da tabarmi da katifu tsakar gida, an yayyafa ruwa a ƙasa, an ɗaɗɗaura sange. Wannan na fifita da mafici, wancan ya jiƙa zane ya lulluɓa, wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, injin maƙwabci mai hali ya kama ruri, su kuwa samarin fada can bakin titi yanzu ne ma suka ɗora shayi na biyu a kan gawayi. A cikin wannan hali ne mutane da dama, musamman masu wayar salula, suka ɗauki al'adar kunna kiɗa mai taushi a gefen matashin kai, da fatan ya lallaso musu barcin da ya ƙaurace musu, kuma wannan al'ada ce muke so mu ɗora a kan mizani yau, mu ga abin da ke cikinta na gaskiya da abin da ke cikinta na zato.

Ya wajaba mu rarrabe tsakanin dare guda da mutum ya kwana ido biyu saboda zafi ko sauro ko bashin da za a zo karɓa da safe, da kuma larurar da likitoci ke ɗauka a kan cuta. Ƙa'idarsu ita ce, idan mutum ya samu wurin kwanciya da lokacin kwanciya, amma duk da haka barci ya ƙi zuwa, ko ya zo ya yanke tsakar dare ya ƙi dawowa, har abin ya kai dare 3 a kowane mako tsawon wata 3, ya kuma bar masa kasala da saurin fushi da mantuwa da rana, to ya zama abin da ke bukatar magani. An ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 10 na manya yana fama da wannan, alhali jikin baligi yana neman sa'a 7 ko fiye kowane dare.

Neman barci ta hanyar sauti mai daɗi kuwa ya girme wa wayar salula nesa ba kusa ba. Uwa ta riga kowane likita saninsa, domin tun fil azal, idan jariri ya ƙi barci, takan goya shi ko ta saɓa shi a kafaɗa, tana jijjiga shi tana ɗan bubbuga bayansa, tana rera waƙar reno da murya ƙasa-ƙasa, ɗango ɗaya tana ta nanata shi har kan yaron ya langaɓe. Bahaushiya haka take yi, Bazabarma haka, Bafillata haka, ba tare da wata ta koya daga wata ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa hujja da wannan cikin Ihya'u Ulumid Din, a babin da ya keɓe wa saurare da ladubbansa, inda ya ambaci jariri a shimfiɗa da murya mai daɗi ke ɗauke masa kuka, ya kuma ambaci raƙumi, duk da kaurin ɗabi'arsa, yadda waƙar mai jan ayari ke sa shi ya miƙa wuya ya manta da nauyin kayan da ke bayansa. Kafin shi, Ibn Sina, shugaban hukama'u, wanda ya rasu a 1037, da ya zo kan maganar rashin barci cikin littafinsa Alƙanun, ya lissafa cikin abubuwan da ke sa barci waƙa mai laushi wadda ba ta firgita mai ji, wadda bugunta ke tafiya daidai wa daida, ya kuma danganta da haka yadda ƙarar ruwa mai gudu da motsin ganyen itace ke sa mutum gyangyaɗi. Duk wanda ya taɓa zama a bakin kogin Isa bayan la'asar sakaliya, kusa da gadar Kennedy ko can wajen lambuna, ya ji idonsa na nauyi ba tare da ya gaji ba, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan magana. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a asibitin Mansuri na Alƙahira, wanda Sarki Ƙalawun ya gina a 1284, ana kawo masu kiɗa da masu ba da labari domin marasa lafiyar da barci ya gagara. Haka kuma a asibitin da Sarki Bayazid na Biyu ya gina a Edirne ta ƙasar Turkiyya a 1488, matafiyin nan Evliya Celebi ya ba da labarin mawaƙa da makaɗa 10 da ke zuwa sau 3 a mako suna yi wa majinyata kiɗa, ga kuma ƙarar ruwan maɓuɓɓuga a tsakiyar ginin.

To, magabata sun faɗi nasu bisa lura da hankali. Me masu bincike na wannan zamani suka gano da suka ɗauki alƙalami da ma'auni? A 2005 an buga wani bincike da aka yi a Taiwan a kan dattawa 60, masu shekara 60 zuwa 83, waɗanda ke kukan rashin barci. Aka sa rabinsu su riƙa sauraren kiɗa mai taushi na minti 45 lokacin kwanciya har mako 3, kiɗan da bugunsa ke tsakanin 60 da 80 a minti, wato kwatankwacin bugun zuciyar mutum yana hutawa, sai aka ga sun fi sauran saurin yin barci da daɗewa cikinsa, kuma fa'idar tana ƙaruwa mako bayan mako. A 2008 aka yi makamancinsa a Hangari da ɗalibai 94, aka kasa su kashi 3: wasu kiɗa, wasu karatun littafi da aka naɗa, wasu ba a ba su komai ba, masu kiɗan suka samu sauƙi bayyananne, masu sauraren littafin kuwa ba a ga wani sauyi na a zo a gani a gare su ba. Sa'an nan a 2022 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitanci ta tace shi, ta haɗa bincike 13 da suka ƙunshi mutum 1,007 waɗanda suka saurari kiɗa na minti 25 zuwa 60 a kullum, wasu kwana 3 wasu har wata 3, ta yanke cewa galiban kiɗa yana kyautata barci bisa yadda masu shi da kansu suka shaida, amma da aka koma ga na'urorin da ke auna barci a jiki, ba a samu hujja mai ƙarfi ta cewa tsawonsa ya ƙaru ba.

Wannan togaciya ta ƙarshe tana da muhimmanci, kuma masu tallan kiɗan barci a intanet ba su cika ambatonta ba. Abin da ni na fahimta daga gare ta shi ne cewa kiɗa taimako ne matsakaici, ba ya bugar da mutum kamar ƙwaya, sai dai ya sassauta masa daren; wanda kuwa ya san azabar juye-juye a kan tabarma har zakara ya yi cara, ba zai raina sassauci ba, balle sassaucin da ba ya cin kuɗi kuma ba ya barin illa a jiki. Yadda abin ke aiki ma ba gaibu ba ne. Idan sauti ya zo a hankali bisa tsari ɗaya, numfashi yakan bi shi ya lafa, bugun zuciya ya sauka, jijiyoyin da suka wuni a ɗaure su saki. Yana kuma rufe ƙarar da ke zuwa ba zato, irin ta babur ko haushin kare ko bugun ƙofar maƙwabta, wadda ita ce ta fi yanke barci. Amma babban aikinsa yana ga tunani, domin tunanin ɗan Adam da dare kamar akuya ce da ba a ɗaure ba, daga kuɗin haya ta faɗa kuɗin makarantar yara, daga nan ta haura maganar da wani ya faɗa maka a kasuwar Katako shekaranjiya, shi kuwa kiɗan nan turke ne da ake ɗaure ta a jikinsa har ta gaji ta kwanta. Idan aka dawwama a kansa kowane dare a lokaci ɗaya, jiki yakan saba, ya riƙa ɗaukarsa alamar cewa an rufe hidimar yini.

A nan ne mu Hausawa muke da ƴar matsala, domin galibin kiɗanmu an ƙirƙire shi ne don ya tayar da na kwance. Kalangu da ganga da tambari da kakaki da algaita, kiɗan noma da na dambe da na kokowa da na biki, duk aikinsu su zuga jini su tsima maza. Wanda ya kwanta da kiɗan ƴan kokowa irin na ranar neman takobi a kunnensa, ya ce yana jiran barci, ya zalunci kansa. Waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos, duk da daɗinsu, magana ce zalla, kuma magana tana jan hankali ya bi ta, sai ka ga mutum ya kwanta don ya yi barci ya ɓuge da yin amshi. Haka labaran Jado Seku da na Jeliba Baje, waɗanda ƴan'uwanmu Zabarmawa ke ji da su: molon da ke ƙarƙashin muryar mai sanyi ne ƙwarai, amma wa zai iya barci bai ji yadda jarumin labarin ya ƙare ba? Wataƙila abin da ya faru ga ɗaliban Hangari masu sauraren littafi ke nan. Akwai kuma wata fitina da masu bincike a Jami'ar Baylor ta Amurka suka bayyana a 2021, cewa waƙa mai saurin kama baki, idan aka ji ta dab da kwanciya, takan maƙale a ƙwaƙwalwa ta yi ta juyawa cikin dare tana dagula barci, har ma idan an cire muryar an bar zallar kiɗanta abin yakan fi tsanani. Saboda haka waƙoƙin fim da na biki da ke cike da wayoyin matasanmu, lokacinsu daban ne.

Sai dai kada wani ya zaci ba mu da namu, har sai mun je mun aro na Turai. Akwai gurmi da garaya idan aka kaɗa su a tsanake ba ganga a bayansu; akwai sarewar makiyaya, irin wadda Yakuba Mumuni na ƙungiyar Mamar Kase ya shahara da ita a nan Yamai; akwai biram na Buduma masunta na tafkin Cadi, mai tsirkiya 5 da siffar kwale-kwale, wanda ya kusa ɓacewa daga duniya sai da marigayi Malam Maman Barka ya tafi can ya durƙusa gaban Bukar Tar, tsohon da ya rage da saninsa, ya koyo shi ya zo da shi, ya kuma yi ta yawo da shi ƙasashe har Allah ya karɓi ransa a 2018. Daga maƙwabtanmu na Mali akwai kora ta Tumani Jabate da Balake Sisoko, wadda suka naɗa su biyu kawai a 1997, ba waƙa ba ganga. Kuma dattawan wannan gari ba za su manta da Mamman Sani ba, mai organ ɗin lantarkin nan na Turawa, wanda ya naɗi kiɗansa a gidan rediyon ƙasa a 1978, aka yi shekara da shekaru ana sa shi tsakanin shiri da shiri a rediyo da talabijin, mutane na jin sa ba su ma san sunan mai shi ba, har sai da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, Turai da Amurka suka yi ta yabo. Wannan kiɗa, mai tafiya sannu a hankali yana komawa kan sautinsa na farko, ya cika kusan duk sharuɗɗan da Ibn Sina ya gindaya.

Na san akwai daga cikin masu saurare waɗanda tun ɗazu suke cewa a ransu, shin ina hukuncin Shari'a a cikin wannan magana? Tambayarsu tana kan hanya, kuma mas'ala ce da malamai suka daɗe da saɓani a kanta. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kusan duk ɗalibin zaure a ƙasashenmu ya bi ta kanta, ta hana ganganta sauraren kayan wasa da waƙe. Shi kansa Gazali da muka kafa hujja da shi, ya halatta sauraren murya mai daɗi bisa sharuɗɗa, amma ya togace kayan kiɗa masu tsirkiya da wasu na busa, saboda a zamaninsa alama ce ta majalisar mashaya. Ibn Hazm na Andalus kuwa ya tafi a kan halacci muddin ba a haɗa da saɓo ba. Wannan kujera da nake zaune a kanta ba ta fatawa ba ce, kowa ya koma ga malaminsa. Abin da zan iya faɗa kawai shi ne cewa wanda ya zaɓi taka tsantsan bai yi asarar komai ba daga fa'idar da muke magana a kanta, domin abin da jiki ke amsawa shi ne sauti mai laushi bisa tsari ɗaya, kuma yana samuwa cikin muryar mai rera Ishiriniya ko Burda ko Infiraji na Aliyu Namangi ba tare da kiɗa ba, yana samuwa cikin ƙarar ruwan sama ko ta ruwa mai gudu da aka naɗa. Alƙur'ani kuwa ya ɗaukaka daga a jera shi da kiɗa. Mutane da yawa suna samun natsuwa da karatun Shaihu Husari, wanda ya naɗi Alƙur'ani sukutum a Masar a 1961, ko na Minshawi, sai dai tun da an umurce mu da yin shiru da saurare idan ana karanta shi, abin da ya fi kusa da ladabi shi ne mutum ya saurara yana farke da hankalinsa, in ya ji barci ya kawo ya kashe. Ga kuma abin da Sunna ta tanadar: alwala, kwanciya a kan hannun dama, Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, da tasbihin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa Nana Faɗimatu. An kuma ruwaito cewa ya kasance yana ƙin hira bayan sallar isha'i, maganar da ta shafi ƴan fada kai tsaye.

Domin kuwa, jama'a, babu gurmin da zai ci galabar shayin da aka sha ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Sinadarin da ke cikin ganyen shayi da kofi da goro, bayan kimanin sa'a 5 ma rabinsa yana nan cikin jini, ke nan wanda ya sha na fari mai ɗaci bayan isha'i, ya bi da na biyu da na uku, har kiran asalatu bai rabu da shi ba. Haka wanda ya kunna kiɗa mai taushi amma idonsa na kan WhatsApp da TikTok yana bin saƙo bayan saƙo. Mai son ya jarraba wannan hanya bisa gaskiya, sai ya dakatar da shayi da goro daga la'asar, ya watsa ruwa kafin ya kwanta tun da jiki ba ya shiga barci sai zafinsa ya ɗan sauka, ya zaɓi kiɗansa tun da rana domin ba a fafe gora ranar tafiya, ya sa shi ƙasa-ƙasa na minti 30 zuwa 45 ta yadda zai tsaya da kansa, ya kifa wayar ya ajiye ta nesa da hannu, kada kuma ya kwana da abin saurare toshe a kunne. In ya ga kusan rabin sa'a ta wuce barci bai zo ba, ya tashi ya zauna cikin duhu-duhu yana tasbihi har idonsa ya yi nauyi. Ya riƙe lokacin tashi guda, wanda sallar asuba ta riga ta tsayar mana, ya taƙaita ƙailula, ya kuma yi haƙurin mako 3 kafin ya yanke wa abin hukunci.

Abin da na fi tsoro shi ne ƙwayoyin da masu tallan magani ke yawo da su a faranti cikin rana, inda mutum zai ce musu ba ya barci su miƙo masa diyazefam ba takardar likita, wani ma ya wuni a kan tiramol don ƙarfin aiki sa'an nan ya nemi wata ƙwayar da za ta kwantar da shi. Irin waɗannan suna kama jiki har ya kasa barci sai da su, suna jawo wa tsofaffi jiri da faɗuwa, ita kuwa tiramol har farfaɗiya takan tayar. Wanda ke minshari mai ƙarfi har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa, ko baƙin ciki ya lulluɓe shi makonni, ko ciwo ko yawan fitsari ke tashinsa, ko ya cika sharuɗɗan nan na wata 3 da muka ambata, kiɗa ba zai isar masa ba. Ya nufi gidan likita na unguwarsu, in abin ya fi ƙarfinsu su tura shi Babban Asibitin Ƙasa ko na Lamorde.

Kirana na ƙarshe ga ƴan'uwana ma'aikatan gidajen rediyo ne. Muryar Sahel, tun da aka kafa ta da sunan Rediyo Nijar a 1958, ta tara muryoyi da kaɗe-kaɗen kowace kusurwa ta ƙasar nan, Cibiyar Kiɗa ta Alhaji Taya kuma, wadda aka buɗe a 1989, tana da makaɗan da suka san gurmi da molo da sarewa. Ina roƙon a ware minti 45 bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ba talla, ba gaishe-gaishe, ba mai gabatarwa da zai tsoma baki, a saki irin wannan kiɗa ga masu so, wata tashar kuma ta saki begen Annabi da murya zalla ga masu son haka. Maƙwabta masu biki kuma su ji tsoron Allah su sauke lasifika in dare ya raba, domin bayan katangarsu akwai majinyaci da mai jego da direban da zai kama hanyar Dosso da asuba.